"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe": jini ake nufi ko reno?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum. Jiya a majalisa wani dattijo ya kawo karin maganar nan don ya kare hana wani yaro aure, wai kakansa mahauci ne. Ni a sanina yabo ake yi da ita. Manya, yaya abin yake?

Baba Mai Goro: Wa alaikumus salam. Yabo ce, Malam. Ɗan maƙeri ya ƙera lauje mai kyau, sai a faɗa masa ita. Ban taɓa jin an rufe wa mutum ƙofa da ita ba.

Ɗalibar Tarihi: Baba, ku yi haƙuri in sa baki. Wanda ya yarda gudu gado ne, ai ya yarda rarrafe ma gado ne. Akwai tsohon labarin Indiyawa, Mahabharata, mai baiti wajen 100,000, da ya yi ta kokawa da wannan. Can mutane aji 4 ne tun daga haihuwa: Brahmin masu addini, Kshatriya mayaƙa da sarakai, Vaishya 'yan kasuwa da manoma, sai Shudra masu hidima. Wata gimbiya mai suna Kunti ta haifi Karna kafin ta yi aure, ta sa shi a kwando ta sake shi a kogi. Adhiratha, mai tuƙa keken doki, da matarsa Radha suka tsince shi suka rena. Ranar da 'ya'yan sarki ke nuna gwanintar harbi a Hastinapura, Karna ya yi duk abin da ɗan sarki Arjuna ya yi. Sai aka ce ya faɗi asalinsa, don ɗan sarki ba ya karawa da wanda ba tsaransa ba. Bhima, ɗan'uwan Arjuna, har ya ce masa bulalar doki ce ta dace da shi. Alhali wansu ne, uwa ɗaya.

Baba Mai Goro: To 'yata, ai kin ba ni gaskiya. An jefa ɗan barewa cikin awaki, bai fasa gudu ba.

Na Damagaram: Baba, malamin Karna ma irin hujjarku ya kafa. Karna ya yi wa Parashurama ƙarya cewa shi Brahmin ne don ya koya masa yaƙi. Wata rana malamin na barci da kansa bisa cinyar Karna, ƙwaro ya huda cinyar, jini na zuba, yaron bai motsa ba. Da ya farka sai ya ce Brahmin ba zai iya wannan juriya ba, ya yi masa baki cewa ilimin zai kuɓuce masa ranar da ya fi buƙatarsa. Abin da ke damuna shi ne, in kowane jarumin talaka sai an tono an ce ashe ɗan sarauta ne, me aka bar wa ɗan talaka na gaske?

Ɗalibar Tarihi: An bar masa Ekalavya, Yaya. Ɗan ƙabilar Nishada ne, mazauna daji. Drona, malamin harbi na su Arjuna, ya ƙi karɓarsa, sai ya gina siffar Drona da yumɓu, ya koya wa kansa harbi a gabanta har ya fi Arjuna. Drona ya je ya nemi ladan karantarwa, ya ce babban yatsan hannun damansa yake so. Yaron ya yanke ya miƙa. Wannan ba rarrafe ya gada ba, gurgunta shi aka yi.

Hajiya Uwar Biyu: Ku duk kuna ta maganar iya harbi. Ina hali? Karnan nan da ake ce ba ya hana mai roƙo, har sulken da aka haife shi da shi ya bayar, shi ne ya ci mutuncin Draupadi, matar su Arjuna, a fada ranar da aka ci ta a caca, ya sa a yaye mata tufa. Wannan daga wace barewar ya gado? Ni dai zama da maɗaukin kanwa na gani. Duryodhana, ɗan baffan su Arjuna kuma abokin gabarsu, ya naɗa shi sarkin ƙasar Anga ranar da aka wulaƙanta shi, Karna kuwa ya bi shi ido rufe har ya mutu a rana ta 17 ta yaƙin Kurukshetra.

Na Damagaram: Hajiya, kun tuna min da Vidura. Ubansu ɗaya da sarakuna Dhritarashtra, uban Duryodhana, da Pandu, mijin Kunti, wato Vyasa, amma uwarsa baiwa ce, don haka sarauta ta haramta gare shi. A fadar nan yana cikin 'yan ƙalilan da suka buɗe baki suka ce abin da ake yi zalunci ne. Kuma Yudhishthira, wan su Arjuna, da kansa, da wani maciji mai suna Nahusha ya tambaye shi wane ne Brahmin, cewa ya yi wanda aka ga gaskiya da kyauta da yafiya a tare da shi, ko da Shudra ya haife shi.

Baba Mai Goro: Mu ma muna da "albasa ba ta yi halin ruwa ba". Hausawa sun san ɗa kan saɓa. Kowace da wurin faɗarta.

Malamin Firamare: To Baba, in na koma majalisa, wacce zan mayar wa dattijon?

Baba Mai Goro: Kada ka mayar masa da karin magana, zai fi ka. Tambaye shi ko yaron na salla, kuma a wurin wa yake sayen naman Salla.