Jitar flamenco ɗina ta fara ƙarar zzz, in ɗaga tsirkiya ko in bar ta haka?

Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Yayana ne ya taho min da jitar flamenco (wani salon kiɗan Sifen) daga Granada ta ƙasar Sifen cikin damina, irin farar nan da suke ce wa blanca, ba ta da nauyi ko kaɗan. Lokacin da ta zo lafiya lau, ɗan kaushin sauti ne kawai in na buga da ƙarfi, amma tun shigowar sanyin nan tsirkiya ta shida da ta biyar suke dukan ƙarafan wuya ko da a hankali na taɓa, na kai wa wani mai gyara ya ce wai sun kwanta da yawa ya yanko kati zai cusa ƙarƙashin ƙashin jaki (ɗan ƙashin da tsirkiya ke hawa a kan jaki), na ce ya dakata tukun. Na auna tsayin tsirkiya da rula a firet na 12 (wato ƙarfen wuya na 12), ta shidan tana wajen milimita 2 da ɗan ɗoriya. A Kaduna nake.

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Ƙanina ka kyauta da ka hana shi. Mai gyaran nan da idon jitar kilasika ya kalle ta, ita ce ake barin ta shida wajen milimita 4, ta farko wajen 3. Flamenco kuwa ta shida tsakanin 2.5 da 3 ake so, ta farko ƙasa da haka kaɗan. Kuma kaushin nan da gangan ake barinsa, saurari rasgueado (sharar tsirkiyoyi da farata da sauri) na shahararren makaɗin flamenco Paco de Lucía za ka ji shi. Amma fa ka tabbata daga saman ƙarfen zuwa ƙasan tsirkiya ka auna, ba daga katako ba, mutane da yawa nan suke kuskure.

Amsa ta 2:
Hunturu ne malam, ba wani abu ba. Katakon fuskar jita in ya bushe yana ɗan lotsawa, jaki ya bi shi ƙasa, tsirkiya ta kwanta. Shafa gefen wuyan da yatsa, in ka ji bakin ƙarafan na kartar ka to katako ya tsuke. Jitan nan laimar kashi 45 zuwa 55 suke so, ka ga kuwa iskar Disamba a arewa ko leɓen mutum ba ta bari. Ni tawa sai da ta tsage a bayan jaki kafin na yi hankali. Samu soso ka jiƙa ka matse sosai, sa shi a robar sabulu mai huji, ajiye cikin akwatin jitar tare da ita ka rufe, kar ya taɓa katakon. Ba ta sati biyu ka sake awo. In ka ɗaga ƙashin yanzu, damina na zuwa za ta kumbura ta yi maka tsayi kamar igiyar shanya.

Amsa ta 3:
Ni dai ban ga laifin ɗagawa ba in har ƙarar na kashe sautin, kati ne kawai ban yarda da shi ba, laushi gare shi yana shanye amo. A fere wani ƙashin daban mai ɗan tsayi, na sanyi daban na damina daban, a ajiye na asalin. Lissafin kuwa ninki biyu ne, in kana son ƙarin rabin milimita a firet na 12 sai an ƙara milimita 1 a ƙashi.

Amsa ta 4:
Afuwan zan shigo da tawa, ni kilasika gare ni, in na goge ƙashin da samfefa za ta koma flamenco?

Amsa ta 1 kuma:
Za ta yi sauƙin dannawa amma ba za ta koma ba. Tun wajen ƙira ake daidaita kwanciyar wuyan, shi ya sa a flamenco tsirkiya ke tashi wajen milimita 8 daga fuska a gaban jaki, kilasika kuwa 10 ko 11, kuma wannan kusancin ne ke sa yatsa ya kai ga golpe (ƙwanƙwasa fuskar jita da yatsa) ba wahala. In ka cinye ƙashin da yawa tsirkiya ba za ta danne shi da kyau ba, sauti ya mutu. Sannan taka ba ta da golpeador, wato 'yar robar da ake manna wa fuska don kariya, farce zai rarake mata fuska.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzu na shafa, wallahi ƙarafan na karta ta. Kuma a bango nake rataye ta kusa da taga, akwatin na ƙarƙashin gado cike da takardu. Bari in je in zazzage shi.