Ina Kumasi, guzuri ya kusa ƙarewa: ta ina zan koma Kano, kuma me zan riƙo?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa. Bayan na gama bautar ƙasa na saɓi jakar goyo na fita ganin ƙasashen yamma, duk a mota. Na bi bakin teku har Dakar, na juyo ta Gini da Abijan, yanzu ina Kumasi, wani bawan Allah ya sauke ni a zango. Abin da ya rage a aljihuna zai kai ni gida in na lallaɓa, amma babu rara.

Hanya biyu nake dubawa. Ko in gangara Accra in bi Lome da Kwatano in shiga Najeriya ta iyakar Seme, wadda ita na biyo da zan fito, ko in haura Tamale in ratsa arewacin Togo da Benin in faɗa Najeriya ta sama, tunda a taswira ta fi kusa da Kano. Sai maganar tsaraba. Gidanmu babban gida ne, kuma yadda ake ta bugo min waya na fahimci wasu sun ɗauka ci-rani na tafi. Kwanan nan kuma jikina kan yi zafi da yamma, in na sha farasitamol ya sauka. Wani abin kuma da nake jin kunyar faɗa: Umma kullum sai ta tambayi ranar dawowata, ni kuwa in na tuna komawa sai gabana ya faɗi. Aiki babu, kuma na saba in tashi da safe ba wanda ya san inda zan kwana.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, taswira ba ta nuna maka inda mota take cika. Na yi shekaru ina jan babbar mota a hanyoyin nan, kuma ba zan ba ka shawarar arewa ba. Motocin can sai ka wuni a tasha ana jiran mutum biyu, kuɗin kwana da na abinci su cinye abin da kake ganin ka rage. Ga rashin tsaro a kusa da iyakar Burkina da yankin dajin W. Gadar Malanville zuwa Gaya kuma, wadda ta haɗa Benin da Nijar, tun juyin mulkin Nijar na 2023 ba ta koma yadda muka san ta ba, da kwale-kwale mutane ke tsallakawa. Nijar ɗin ma ita da Mali da Burkina sun fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025.

Bi bakin teku. Ka hau motar dare daga Kumasi, asuba ta yi maka a Accra, ka wuce tashar Tudu ka shiga motar Aflao, iyakar Gana da Togo. Kana tsallake Aflao ka shiga Lome, ƙafa ma ta isa. Togo ta wajen teku siririya ce, bai fi kilomita 50 da ɗoriya ba ka isa Hillacondji, iyakar Benin. Ka kwana a Kwatano, akwai 'yan uwanmu a zango. Seme kuwa da sassafe ake tsallaka ta. Kar ka yarda magariba ta same ka tsakanin Badagry da Mile 2, shingaye sun yi yawa kuma dare na ƙara musu tsada. Ka canza 'yan ƙananan kuɗi ka sa a aljihun gaba, manyan su zauna can ciki. Kar ka manta agogon Benin da Najeriya ya fi na Gana da Togo da awa ɗaya, na ga wanda mota ta bari saboda wannan.

Ma'aikaciyar Jinya: Ƙanina, kowa ya kama maganar hanya, ni zafin jikin nan ne ya tsaya min. Zazzaɓin da ke zuwa da yamma ya lafa in an sha farasitamol, maganin rufe shi kawai yake yi, ba ya kashe abin da ke jini. Kafin ka sayi tikitin kowace mota, je asibiti ko babban kantin magani a yi maka gwajin maleriya, ɗan jini ne a yatsa, minti 15 zuwa 20 an gama. In ita ce, ka sha maganin har ya ƙare, kwana uku ne, sannan ka kama hanya. In ba ita ba ce kuma zafin bai daina ba, likita ya duba ka. Ba a shiga motar Legas zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000, da zazzaɓi a jiki. Katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, ka ajiye shi tare da fasfo a cikin leda, a kowace iyaka ana iya tambayarsa.

Ɗan Canji: Kar ka shigo Najeriya da sidi, zai zama maka kaya. Ka ƙarar da shi a Gana, ragowar ka mayar sefa a Aflao, tunda Togo da Benin sefa ɗaya suke ci. A Seme ka canza iya abin da zai kai ka Legas. Ka ƙirga naka a hannunka kafin ka miƙa nasu, kuma kar ka bi kowa bayan rumfa. Sannan ka sa layinka na gida a waya tun yanzu ka ga ko yana raye. Layin da ya daɗe a ajiye kamfani kan karɓe shi, kuma in ya tafi saƙon banki ba zai same ka ba, ka ga ko an turo maka kuɗi sai ka yi ta kallonsu.

Baƙon Legas: Ni dai da jirgi ka hau daga Accra ka huta da wannan wahalar.

Ɗan Fagge: Yaya, da ina da kuɗin jirgi ai da ban dame ku ba.

Hajiyar Zango: Yarona, ni a nan Kumasi aka haife ni, kakana goro ya kawo shi daga ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja suna cin kasuwar Salaga, watanni suke yi a hanya da jakuna, kuma abin da suke komawa da shi ke nan, goro. To kai ma shi za ka riƙa. Ka sa mai masaukinka ya raka ka wurin masu goro, kar ka je kai kaɗai a gane baƙo ne. Ƙwarya biyu ta isa, goro 200 ke nan, a zaɓa maka manya marasa tabo, a naɗe maka a ganye. A hanya ka riƙa ɗan yayyafa masa ruwa, kar ka jingina shi da inda zafin inji yake. In ka isa, ka miƙa wa mahaifiyarka gaba ɗaya, ita ta san gidan da za a kai biyar da gidan da za a kai goma. Kai ba ka iya wannan rabon ba, in ka sa hannu sai ka ɓata wa wani rai.

Ita kanta ka yi mata turmin atamfa ɗaya, ta kamfanin GTP na Gana, ko da za ka rage cin nama a hanya. Yara kuwa cakulan ɗin Golden Tree, ka sayi manya a gutsura musu. Kente kar ma ka taya, na gaske mai saƙar hannu ya fi ƙarfin aljihunka, na bugawa kuma akwai shi a Kantin Kwari. Mai masaukinka ma kar ka fita ba ka ajiye masa wani abu ba, ko sabulu ne ka ba matar gidan.

Tsohon Direba: Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya, kar wani ya roƙe ka ka riƙe masa ƙulli ko buhu ka tsallaka da shi, ko da ya ce shinkafa ce. Shinkafar wajen ma an hana shigo da ita ta ƙasa.

Malamin Makaranta: Ni maganar faɗuwar gaba zan taɓa, don na san ta. Na yi irin tafiyarka a gabashin Afirka. Makon farko gida zai cika, kowa na son labari. Mako na biyu ka fara ba da labarin Dakar sai ka ga an koma hirar tsadar masara, kai kuma ka ji kamar an rufe ka a ɗaki. Ba ƙin ka ake ba, su ma sun yi watanninsu da ba ka gani ba, ka tambaye su nasu. Masu zaton ci-rani ka je, tun yanzu ka gaya wa Umma a waya cewa yawon ganin duniya ka yi, ba kuɗi ka tara ba. Kafin ka iso ta isar da saƙon, kuma daga bakinta ba wanda zai yi maka gori. Sannan kar ka dawo ka zauna jiran takardar aiki. Ka san farashin kaya a kasuwanni da yawa, ka san iyakoki, na tabbata ka tsinci Faransancin ciniki. Akwai 'yan kasuwa a Kwari da Singa da ke neman yaron da zai iya zuwa Kwatano ko Lome ya dawo ba a cuce shi ba. Ka rubuta lambobin mutanen da ka sani a hanya a takarda, waya tana faɗawa ruwa.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na je an yi gwajin, maleriya ce, na fara shan magani, sai na gama zan tashi. Baba, bakin teku zan bi in sha Allah. Na kira Umma na faɗa mata gaskiya, ta yi dariya ta ce ita dama ta sani, in dai taho mata da kaina. Hajiya, gobe bayan azahar za mu je wurin masu goron, fari zan saya ko ja?

Hajiyar Zango: Haɗa, amma farin ya fi yawa, tsofaffi shi suke so. Kuma ka ce a ba ka ganye na ƙari, na farkon zai bushe kafin ka kai Legas.