Faifan kwamfutata ya fara ƙara, yaya zan kwashe shafukan da ke cikinsa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gina wa mutane shafukan intanet da manhajar WordPress, kuma a kwamfutata nake yin aikin ta XAMPP (manhajar da ke sa shafi ya yi aiki a kwamfuta) kafin in ɗora a intanet. Wasu shafukan ko miƙa wa masu su ban yi ba. Kwanan nan faifan ajiyar ya fara wani ƙyas-ƙyas, kwamfutar kuma sai ta riƙa sandarewa. Tsohon faifan mai 1TB ne, na sayo sabon faifai irin SSD mai 512GB. Idan na kwafi foldar htdocs, inda XAMPP ke ajiye fayilolin shafukan, gaba ɗaya na zuba a sabon, shi ke nan? Ko akwai abin da zan bari a baya?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka rage kunna kwamfutar nan sai don kwashe kaya, faifan da ya fara wannan ƙara ba ya sallama kafin ya tafi. Kuma htdocs rabin kayan ne. Hotuna da jigo (fasalin shafi) da fulogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi) ne a ciki. Rubuce-rubucen shafin, da sunayen masu shiga, da duk saitin da ka yi suna cikin rumbun bayanai na MariaDB. Buɗe phpMyAdmin, shafin sarrafa rumbunan, ka zaɓi rumbun kowane shafi, ka danna Export, zai ba ka fayil mai .sql. Idan rumbun babba ne, shiga Shell na XAMPP ka rubuta mysqldump -u root sunanrumbu > sunanrumbu.sql. Fara da waɗannan, ba su da nauyi, kuma su ne ba a sake saukewa daga ko'ina.

Baban Ilham: Ni fa ina ganin ba sai an yi wannan wahalar ba. Ya shiga xampp\mysql\data, kowane rumbu yana da foldarsa, ya kwafe su kawai.

Injiniya: Baban Ilham, wannan hanyar ta jefa mutane da yawa cikin kuka. Teburan da ke cikin rumbun WordPress na yanzu da tsarin ajiya na InnoDB ake yin su, kuma wani ɓangare na bayaninsu yana cikin fayil ɗin ibdata1, wanda duk rumbunan suke tarayya a kansa. Idan aka ɗauki foldar rumbu ɗaya aka bar shi, phpMyAdmin zai nuna sunayen teburan, amma da ka danna sai ya ce tebur ɗin babu shi. Kwafe foldar data ɗungurungum yana yin aiki, da sharaɗin an tsayar da MySQL (sunan da XAMPP ke kiran MariaDB da shi) tukuna, kuma sabon XAMPP ɗin sigarsa ɗaya da tsohon. Ya yi hakan a matsayin ƙari, ban hana ba, amma .sql ɗin shi ne madogara.

Mai Gyara: Da faifan lafiyarsa ƙalau, da na ce a kwafe shi kacokan da Clonezilla, manhajar kwafe faifai, har da Windows ɗin. Amma kwafin kacokan sai ya karanta duk abin da ke kan faifan, mai ciwo kuma yana iya mutuwa a tsakiya. Ga shi Clonezilla ba ya son zuba babban faifai a ƙarami sai an fara matse shi. Sa sabon Windows a SSD ya fi tsabta. Tsohon kuma ka saya masa akwatin USB, kada ka goge shi.

Anti Mai Kod: Ƙanina, duba sigar PHP ɗinka, yaren da WordPress ke aiki da shi, kafin ka cire faifan. Idan kana kan 7.4 ka sauke XAMPP mai PHP 8, tsofaffin fulogin za su iya ba ka farin shafi fes, ka ɗauka kwafin ne ya lalace. An daina kula da 7.4 tun Nuwamban 2022, don haka dole wata rana ka matsa, amma ba ranar ƙaura ba. Sa irin wadda kake da ita, in komai ya tashi sai ka ɗaga. Idan kuma kana buɗe shafukan da suna irin makaranta.test maimakon localhost, ɗauki httpd-vhosts.conf da ke apache\conf\extra, da fayil ɗin hosts da ke C:\Windows\System32\drivers\etc.

Baban Ilham: To na karɓi gyara. Sai dai a kula da filash. Mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai 4GB, kuma jabu sun cika kasuwa, a rubuta 64GB alhali cikinsa bai kai ba. A gwada shi da manhajar H2testw kafin a ba shi amana.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri. Na fitar da .sql duka, na kwafe htdocs, SSD ya hau. Sai dai shafi ɗaya yana cewa ya kasa haɗuwa da rumbun bayanai.

Anti Mai Kod: Buɗe wp-config.php na shafin, ka duba DB_NAME da DB_USER da DB_PASSWORD. Sunan rumbun da ka ƙirƙira kafin ka zuba .sql ɗin da Import dole ya zo daidai da na ciki, harafi da harafi. Idan a da ka yi wa shafin mai amfani na daban, bai biyo .sql ɗin ba, sai ka sake ƙirƙirarsa a phpMyAdmin, ko ka mayar da DB_USER zuwa root ka bar gurbin kalmar sirri babu komai, tunda a kwamfutarka kaɗai yake.