Masu aikin sa kai a intanet ba su da haƙƙi a ribar da kamfani ke ci?

MaiTsaronZaure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni admin ne a wani zaure na masu koyon gyaran waya, kullum ni ne share saƙonnin 'yan damfara, ni ne raba faɗa, wani lokaci tsakar dare ina zaune ina yi wa wani bayanin dalilin da ya sa wayarsa ta ƙi caji, ko sisi ba a ba ni kuma ban taɓa nema ba. Amma labarin Reddit, wani babban dandalin zaurukan tattaunawa a intanet, ya tsaya min a rai. A 2024 suka ƙulla yarjejeniya da Google ta kusan dala miliyan 60 a shekara don a horar da AI, wato ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, da rubutun mutane, a watan Maris kuma suka shiga kasuwar hannun jari. To rubutun wa aka sayar? Ba na mutanen da suka yi shi kyauta ba ne? Ni dai a ganina suna da kaso, ku me kuka gani?

DanShari'a:
Wa alaikumus salam. Malam na fahimci zafin da kake ji amma a kotu da wuya ka ci. An gwada. Da kamfanin intanet na AOL ta sayi jaridar intanet ta Huffington Post a 2011 kan dala miliyan 315, marubutan da suka yi ta rubutu kyauta sun kai ƙara suna neman miliyan 105, a 2012 alƙali ya kori ƙarar, ya ce ai tun farko sun san ba biya kuma suka yarda. Wannan dogon rubutun da muke danna "na amince" ba mu karanta ba, a ciki muke ba su lasisin amfani da rubutunmu. Sannan saba, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafin, da injiniyoyi duk kamfanonin ke biya.

Injiniya_A:
Yallabai ba kullum ake faɗuwa ba fa. Ita AOL ɗin dai masu kula mata da zaurukan hira sun maka ta a kotu a 1999, aka ja shekaru, ƙarshe ta biya dala miliyan 15 aka sasanta, saboda su an yanka musu awannin aiki har rahoto suke rubutawa kamar ma'aikata. Kuma YouTube na ba masu bidiyo kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla kuma bai durƙushe ba. Kenan ana iyawa, so ne ba a yi.

UmmuKhairi:
Ni tsorona daban ne ɗan uwa. Kuɗi na shiga niyya ke canzawa. Ku duba X tun da suka fara raba kuɗin talla a 2023, mutum zai rubuta abin da shi kansa bai yarda da shi ba don kawai a zo a zage shi ya samu kwamen. Quora ma, shafin tambaya da amsa, da suka riƙa biyan masu yin tambaya, tambayoyi marasa kan gado suka cika wurin. Wikipedia ba talla ba biyan marubuta, shi ya sa mai rubutu a can zuciyarsa a kwance take.

MaiTsaronZaure:
Hajiya maganarki gaskiya ce, ni ma ban so a ce kowace amsa da farashinta. Amma Wikipedia ba wanda ya sayar da ita ya sa kuɗin a aljihu, nan ne bambancin. Stack Overflow fa, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, amsoshin masu sa kai ne kaf darajarsa, aka sayar wa kamfanin zuba jari na Prosus kan dala biliyan 1.8 a 2021, a 2024 suka yi cinikin amsoshin da OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, waɗanda suka fusata suka fara goge amsoshinsu sai aka dakatar da akawun ɗinsu aka mayar da amsoshin. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Reddit sun ɗan motsa, sun ba wasu masu kula da zauruka damar sayen hannun jari a kan dala 34 kowane ɗaya, amma da kuɗinsu za su saya, wanda ba shi da shi fa? Abin da nake nema, ranar da za a sayar da kamfani ko rubutun mutane, a tambaye su tukuna, kuma a ware musu kaso a rubuce tun a cikin sharuɗɗan, ko da asusu ne da za a raba wa waɗanda suka daɗe suna riƙe da wurin.