Neman kalma kafin ƙarfe 4: genealogy da legacy

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Ina da rahoton da zai shiga rediyo ƙarfe 4 kan Society of Genealogists ta Landan, ƙungiyar masu binciken asalin iyalai, wadda aka kafa a 1911. Tana roƙon mambobinta su bar mata wani abu bayan ransu don adana takardun iyalai. Na fassara genealogy da "tarihin dangi", legacy kuma da "gado". Ya yi?

Ɗan Zaure: Cire gado. Gado haƙƙin magada ne, ba mamaci ke zaɓar mai ci ba. Wannan wasiyya ce. Amma a kula, mai saurarenmu da ya ji wasiyya sulusi zai kawo a ransa, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi, kuma ba a yi wa magaji. A Ingila babu iyakar sulusi. Abin da aka bar wa ƙungiyar agaji ba a cire masa haraji, in kuma ya kai kashi 10 cikin 100 na dukiyar, harajin ragowar dukiyar yana sauka daga kashi 40 zuwa 36. Ka faɗi wannan a jimla ɗaya.

Inna Malama: Malam, ba wakafi ba ne?

Ɗan Zaure: A'a Hajiya. Wakafi sai an tsare uwar dukiya ana cin amfaninta, kamar gidan da ake karɓar hayarsa. Kuɗin da za a kashe wajen ɗaukar hoton rajistar coci wasiyya ce zalla.

Bakatsine: Wasiyya, wakafi, nasaba, duk Larabci! Hausa ta ƙare ne? Na daɗe ina cewa "tsatsonci". Tsatso namu ne gangariya.

Inna Malama: Ɗafin -nci ko -ci harshe ko ɗabi'a yake bayarwa: Zazzaganci, sakarci. Mai ji zai zaci wani karin harshe ne.

Basakkwace: Ilimin nasaba malamanmu suka sani tun zamanin Shehu. Mai shakka ya leƙa cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu.

Na Ƙofar Mata: Kullum Sakkwato. A Kano salsala muke cewa.

Basakkwace: Salsala ta shehunan ɗariƙa za a fara tunowa, Alhaji.

Bakatsine: Kun ga? Aro biyu na faɗa, ɗan gida na zaune.

Ɗan Zaure: Ranakun mako ma aro ne, sai ka canza Litinin. Nasaba ita ce wane ɗan wane, galibi ta wajen uba. Aikin ƙungiyar nan ya haɗa da aure, ƙaura, sana'a da dangin uwa, don haka "tarihin dangi" bai yi laifi ba.

Mai Fassara: Na gode. Zan buɗe da "binciken nasaba da tarihin dangi", sai "wasiyyar sadaka". Wadda ake bayarwa daga abin da ya saura bayan bashi da sauran kyaututtuka fa?

Inna Malama: "Kaso daga rara."

Bakatsine: Rara dai tamu ce. Sauran ban yarda ba, amma shiga da shi.