Masu aiki daga gida, yaya kuke tsara yininku?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Wata huɗu ke nan ina aikin fassara daga gida a nan Kano, kuma gwargwadon shafukan da na miƙa ake biyana. Tun hantsi kwamfutata a buɗe take, amma sai magariba ta yi in ga abin da na yi bai wuce na awa biyu ba. Ga yara uku, ga masu shigowa gaisuwa, ga wuta da ba a san lokacin zuwanta ba. Ku da kuka daɗe a harkar nan, ku taimaka min.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Ki fara da maganar wuta. Ni tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine janareta, don ribar aikin a fetur take ƙarewa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta da ci, yawancinsu wat 45 zuwa 65 ne. Fanel ɗin sola guda mai wat 300, da batir, da ƙaramar inbata sun riƙe min ita da fanka da cajin waya. Sharaɗin kawai, kada a jona dutsen guga ko hita a kai. A Oktoban 2024 da Arewa ta kwashe fiye da mako cikin duhu, da wannan ɗan kayan na ci gaba da aiki. In hunturu ya shigo a riƙa goge fanel ɗin, ƙura tana rage masa ƙarfi sosai.

Hajiya Babba: Abban Sadik ya yi gaskiya, amma 'yata, ni a ganina wuta ce ƙaramar matsalarki. Shekara shida nake riƙe wa wasu shaguna lissafi daga ɗakina a Zariya, kuma abin da ya fi cin lokacina mutane ne. A wajen jama'armu, wanda yake gida yana da sarari. Maƙwabciya za ta kawo miki ajiyar ɗa za ta asibiti, a aiko yaro aron turmi, ƙanwar miji ta zo yini. Babu mai nufinki da sharri a cikinsu, ba su san aiki kike ba ne, domin ba su ga kin saka mayafi kin fita ba.

Abin da na yi, na fara da maigida. Na nuna masa aikin da abin da yake kawowa, muka yanke sa'o'i. Sannan na je da kaina wajen surukata na yi mata bayani cikin ladabi, cewa daga tara zuwa Azahar ina bakin aiki kamar mai zuwa ofis, bayan La'asar kuwa ƙofata a buɗe take. Wallahi ita ta zama mai tare min baƙi. Da kanta take cewa, ku bari sai yamma, tana aiki. Idan babba a gida ya faɗa, ba wanda zai ji haushi.

Sadiya Jos: Ni takarda na manna a ƙofa, na rubuta lokutan aiki.

Hajiya Babba: Sadiya, wataƙila a unguwarku ya karɓu, amma ban ba ta wannan shawara ba. A cikin gari za a ce ta fara wulaƙanta mutane, kuma gyara wannan ya fi ɓata awa biyu wuya. Magana baki da baki ta fi. Wanda ya zo duk da haka, ki fito ki gaisa, ki kawo ruwa, ki ce ana jiran aiki a hannunki, za ki leƙo da yamma. Sai dai fa ki cika alkawarin leƙawar.

Malam Ilu Maraɗi: Ina goyon bayan Hajiya. Abin da zan ƙara, kada ki nemi wani jadawali daga nesa, lokutan salla sun riga sun yanka miki yini. Aikin da ke son natsuwa, bayan Asuba nake yinsa, gari da sanyi, gida shiru, waya ba ta fara ƙara ba. Daga hantsi zuwa Azahar zama na biyu. Bayan Azahar, musamman a bazara da zafi ke haura digiri 40, ba na tilasta wa kaina, ƙailula nake yi. Amsa saƙonni sai bayan La'asar. Kuma ki san agogon waɗanda kike wa aiki. Nawa a Faransa suke: da sanyi lokacinmu ɗaya, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa ta ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa guda. Na taɓa makara taro saboda wannan.

Maman Hanifa: Malam, bayan Asuba ai lokacin shirin makaranta ne a wajena, ga karin kumallo.

Malam Ilu Maraɗi: Haka ne, ban yi la'akari da wannan ba. To naki zaman mai nauyi ya fara da zarar sun fita.

Umar Injiniya: Anti, ki gwada tsarin Pomodoro, minti 25 aiki, minti 5 hutu, bayan zagaye huɗu ki yi hutu mai tsawo. Wayar da ke da WhatsApp kuma ki bar ta a wani ɗakin. Don data, ki shiga saitin Windows ki nuna masa cewa intanet ɗinki a ƙayyade yake, zai rage sauke manyan abubuwa a ɓoye. Ki ajiye layi biyu na kamfanoni daban, in wannan ya yi rauni ki koma wancan. Google Docs ma yana aiki ba intanet in kin kunna masa hakan tun da wuri.

Sadiya Jos: Minti 25 ya yi wa fassara kaɗan, Umar. Nima ita nake yi, sai ka fara shiga cikin rubutun agogo ya katse ka. Ni 50 da 10 nake yi. Kuma Maman Hanifa, ki daina aiki a kan gado ko tabarma, bayanki zai gaya miki. Ko teburin roba da kujera mai majingina ki samu, ki ɗora kwamfutar a kan littattafai ta zo daidai idonki.

Maman Hanifa: Allah Ya saka da alheri baki ɗaya. Daren jiya mun yi maganar da Abban Hanifa, ya ce ranar Juma'a za mu je wajen Umma tare. Ya kuma kwashe kayan da ke ƙaramin ɗakin kusa da zaure, can zan sa tebur. Yau daga takwas da rabi zuwa Azahar na gama shafi bakwai. Saura autana mai shekara biyu, shi ne ban san yadda zan yi da shi ba. Hajiya, ke da naki suna ƙanana yaya kika yi?

Hajiya Babba: Karɓa-karɓa muka yi da maƙwabciyata mai ɗinki. Ta riƙe nawa da safe, in riƙe nata bayan La'asar lokacin da masu kawo ɗinki ke zuwa. Ki duba cikin masu shigo miki ɗin nan, akwai wadda ita ma take neman awa uku.