Abin da ya kamata a sani kafin a leƙa babban hanji da kyamara

Waɗanda aka yi wa wannan bincike, wato kolonoskofi, sun haɗu a kan cewa shirin ya fi binciken kansa wahala. Ana gobe za a yi, mutum zai daina cin abinci mai nauyi, ya koma shan abu mai ruwa garau, sannan ya sha maganin wanke ciki da zai sa shi zawo sosai, don haka ya zauna kusa da banɗaki. Sun jaddada a shanye maganin duka, domin idan hanji bai wanku ba, likita na iya kasa ganin ƙananan tsiro, har a sake binciken. A ganina wannan ce shawara mafi muhimmanci. Mai ciwon sukari ko mai shan maganin tsinka jini ya sanar da likita tun da wuri.

Binciken yakan ɗauki minti 30 zuwa 60, kuma galibi ana yin allurar kwantar da jiki, saboda haka a zo da ɗan rakiya, kada a tuƙa mota ranar. Kumburin ciki na ɗan lokaci ba abin damuwa ba ne, amma ciwo mai tsanani, zazzaɓi ko zubar jini da yawa na bukatar komawa asibiti nan take.